Mai Ƙirgan Tartsatsi

Manchester, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, 1910

Sai mun yi rabin sa'a zaune a duhu
kafin ido ya manta da fitilar titi.
Dakta Pennick kan ce, Enoch, yi shiru,
ni kuwa tari ya maƙale mini a wuya,
tarin auduga, gadon shekara sha tara a masaƙa.

Ba don ilimi suka ɗauke ni ba.
Idona suka saya.
A masaƙa, zare dubu na gudu,
nakan hango ɗayan da ya tsinke
tun inji bai sani ba.

Abin da muke gadi bai kai ƙwayar gishiri ba.
Yana cikin kwalba, kwalbar cikin darma,
darmar cikin akwati, mabuɗin a wuyan Dakta.
Radiyam.
Daga Faris sunan ya ƙetaro ruwa.
An ce tsibin duwatsu ake dafawa, buhu bayan buhu,
kafin a tace abin da ba zai cika farcen jariri ba.

Na kafa ido a bakin madubi.
Baƙi. Baƙi ƙirin.
Sai ƙyal!
Kamar an ƙyasta ashana a wani gari mai nisa
iska ta kashe.
Ɗaya. Biyu. Uku da huɗu a tare.
Dakta na bayana, kunnensa a kan agogo.
Minti guda kacal ake ba ni,
in ya wuce haka ido kan fara ƙarya,
ya haifo tartsatsin da babu.
Arba'in da bakwai, na ce.
Na ji alƙalami yana lalube a takarda.

Ni kwal na sani.
Ka zuba, ya ci, ya koma toka, ka sake saye.
Duk abin da ya taɓa ba mu ɗumi a Lancashire
sai da ya mutu a murhu.
To wannan fa?
Ba a hura shi, ba a yi masa ƙari.
Ranar Lahadi muna coci, shi yana nan a kulle
yana ta rabon kansa, ba mai kallo, ba mai godiya.
Na tambaya yaushe zai gaji.
Dakta ya yi dariya ta hanci:
Bayan shekara dubu, Enoch,
fiye da rabinsa na nan.
Na yi shiru. Kabarin ubana ma
shekara goma kawai, sunan ya fara gogewa.

Babban yatsana da manuni sun yi sheƙi,
fatar ta yi ja, ta dare.
Hester ta shafa musu kitsen tunkiya,
ta juya hannun a hasken kyandir, ta ce,
Wace irin wuta ce wannan
da sai bayan kwana goma take tuna ta ƙona mutum?
Ban da amsa.
Na dai lura Dakta ma
ba ya cire hannun dama daga aljihu.

Sule goma sha takwas a mako.
Ya fi masaƙa, kuma babu ƙara.

Ƙarfe biyun dare nakan fito,
taragon ƙarshe ya daɗe da wucewa,
yayyafi na wanke hayaƙi daga kan rufin gidaje.
In na runtse ido a hanya
suna nan, kore-kore, ba su san an tashi aiki ba.

Jiya Amos ya farka da na shigo.
Baba, me kake yi a jami'a?
Na ce, ƙirga nake.
Ƙirgan me?
Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.
Ƙananan abubuwa, na ce,
da ke barin gida ba sa komawa.
Su nawa ne?

Yau arba'in da bakwai.
Koma barci.